Na Samo Ma'anar Sunanki, Inna

Zuwa ga mahaifiyata,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, irin wadda ɗa ke durƙusawa ya yi wa uwarsa, ina roƙon Allah Ya sa kina cikin rahamarSa. Mu nan Kankara muna lafiya daidai gwargwado. An yanke gero, dawa ta kusa. Masu gonaki kusa da gari sun samu abin da suka samu, masu na nesa kuwa bana ma ba su leƙa ba.

Na san babu motar da za ta kai maki wannan takarda. Ina rubuta ta ne saboda wata tambaya da kika yi mani shekara uku da suka wuce, na ba ki amsar da ba gaskiya ba, abin ya zauna mani a rai har yau. Zan sa ta inda 'yan'uwa za su karanta, tunda yanzu 'yan bindigar daji sun tashe mu mun warwatse, wasu suna Funtuwa, wasu Zariya, wasu ban ma san inda suka sauka ba. Ki yi mani haƙuri, dole sunanki ya fito a ciki, don maganar duka a kansa take.

Bari in fara da albishir. Bilki, surukarki, ta sauka lafiya. Bayan maza biyu, wannan karon mace Allah Ya ba mu. Tun ranar da ungozoma ta miƙo mani ita kowa ya san ke za a yi wa takwara. Abin da ba a sani ba shi ne da wane suna.

Tun ina yaro na san sunanki biyu ne. A gidan Baba, can ƙauyenmu na bayan Ruwan Godiya, Saratu ce ke, sunan da kika ɗauka lokacin da kika musulunta kafin aurenku. Amma in muka je ganin gida, unguwar Maguzawa ta bayan Mabai inda aka haife ki, tun daga bakin rafi ake fara kiran wani suna daban: Muragi. Tsofaffin mata su saki taɓarya su taho suna cewa Muragi ta zo. Ke kuma fuskarki ta washe, tafiyarki ta ƙara sauri. Ina riƙe da gefen zanenki ina mamakin wace ce wannan da suke kira, da har ta fi Innata fara'a.

Sau ɗaya na tambaye ki, a hanyar komawa. Kika ce, "Sunan wata Baturiya ne, likita. Ita ta karɓi haihuwata." Ba ki ƙara komai ba, ni ma ban nema ba.

A ƙauyenmu kuwa sunan abin tsokana ne. Ban san wanda ya kawo shi ba, amma ya iso. In na yi faɗa da yara a makaranta, sai su haɗa baki suna cewa ɗan Muragi, ɗan Muragi. Wata rana wani ya ce sunan arna ne, na fasa mashi baki, aka yi mani bulala shida. Na dawo gida na ce maki ƙwallo muka yi na faɗi. Daga ranar na tsani sunan. Ban tsane ki ba, Allah Shi ne shaida, amma na so a ce ba ki da shi.

Na girma, na yi karatu, na zama malamin makaranta, abin bai fita daga raina ba. Kin tuna ranar ɗaurin aurena a Faskari? Yayanki, Kawu Bulus, ya zo tun da safe da buhun shinkafa a bayan babur, ya sa rigarsa ta zuwa coci. Yana shigowa tsakar gida ya ɗaga murya yana neman ki da wancan sunan, ga dangin Bilki zazzaune. Na ja shi bayan rumbu na ce, "Kawu, don Allah a gaban surukai a riƙa cewa Saratu."

Ya dube ni. Ya ce, "Ni na goya ta tana jaririya. Yau kai za ka koya mani sunanta?"

Bai tsaya cin abinci ba. Kina bayan zana kina kwasar tuwo, kin ji komai. Ba ki ce mani uffan ba, ranar ko bayanta. Na dai gan ki kin yafa gyale kin bi shi har bakin hanya, kin daɗe ba ki dawo ba.

Sai daminarki ta ƙarshe, lokacin da ciwo ya fara cin ƙarfinki. Na zo hutu, kina zaune ƙofar ɗaki kina tsinke zogale, ni ina gefe ina danna waya. Kika ce, "Auta, kai da ka yi boko, kuma an ce wayar nan taku babu abin da ba ta sani ba, tambayar mani ita, mene ne ma'anar Muragi?"

Na rubuta shi yadda kunnena ya saba ji. Ba abin da ya fito sai shirme. Na sake gwadawa sau ɗaya, na ajiye. Na ce, "Inna, ba shi da wata ma'ana. Turawa haka suke sa suna kawai."

Kika tsaya da tsinkar. Kika ce, "Anya? Mutuniyar kirki irin wannan, a ce uwarta ta raɗa mata sunan banza?" Kika ci gaba da aikinki. Ba ki sake tambaya ba. Ba a yi wata biyu ba Allah Ya karɓi abinSa.

Gaskiyar ita ce, Inna, ban so in sani ba. Da na so, da na nemi hanya.

To, in dawo kan jaririya. Ranar Talata aka haife ta. Washegari Baffa Lawal, ƙanen Baba, wanda shi ne babba a gidanmu yanzu, ya zo barka. Muna zaune a zaure sai ga Kawu Bulus yana dogara sanda. Su ma 'yan bindigar sun tashe su daga unguwarsu, yana zaune wurin ɗansa a nan Kankara fiye da shekara, amma bai taɓa tako gidana ba. Ko ranar jana'izarki nesa ya tsaya. Ya tsufa ƙwarai, Inna. Aka fito da yarinyar, ya karɓe ta ya ƙura mata ido, ya ce hancinki ne, haɓarki ce. Sannan ya tambayi sunan da za a sa.

Na ce, "Na Inna."

Ya ce, "Wanne daga ciki?"

Kafin in buɗe baki Baffa ya ce, "Mu suna ɗaya muka sani. Ba a raɗa wa ɗiyar Musulmi sunan da ba a san ma'anarsa ba. Wa ya sani ko sunan wani gunki ne na ƙasarsu?"

Kawu ya miƙa mani jaririyar a hankali. Ya ce, "Malam Lawal, gunki bai tsallako rafi ya ceci uwarmu ba." Ya ɗauki sandarsa. Na bi shi har ƙofa. A nan ya gaya mani cewa mutum ɗaya ta rage a duniya cikin waɗanda suke ɗakin ranar da aka haife ki, Iya Rahila, tsohuwar ungozomar asibitin mishan, tana Sabuwa wurin jikanta. Ya ce, "In kana son sani, ga hanya. In ba ka so, ƙyale tsohuwa ta huta."

Kwana biyu ina juya maganar. Kin san yadda hanyar Sabuwa take yanzu, ko da yake ta ƙara lalacewa bayanki. Mutum ya bar mai jego da yara ƙanana ya shiga wannan hanya saboda suna? Bilki ce ta yanke. Ta fito daga wanka tana shafa mai, ta ce, "Malam, ka je. In ba ka je ba, duk ranar da ka ɗauki yarinyar nan sai abin ya dawo maka. Mu za mu yi ta addu'a."

Ranar Asabar na tafi, ta Funtuwa. Direba ya ƙi tashi sai da motocin farko suka iso daga can suka ce hanya lafiya. Har muka wuce Dandume ana hira, daga nan kowa ya yi shiru. Itatuwa suka rufe gefe da gefe, ga ramuka, mota na tafiya kamar ana tura ta. Na ga gonaki ciyawa ta cinye, na ga gidaje babu rufi. Wata mata kusa da ni tana ta jan carbi har muka hango gari. Ana kiran azahar muka sauka.

Na samu Iya Rahila a inuwar mangwaro tana ɓarar gyaɗa da lalube, don idanun sun tafi. Na durƙusa na gaishe ta. Ta ce, "Ɗan wa?" Na ce jikan Nomau da Kande, na bayan Mabai. Na tsaya a nan. Ta ajiye ƙwaryar ta ce, "Ɗan Muragi ke nan, ko na Bulus? Matso in taɓa ka." Ta shafa fuskata ta ce, "Na Muragi ne. Ashe tana da babban ɗa haka. Na ji rasuwarta, ban samu mai kai ni ba."

Na gaya mata abin da ya kawo ni. Sai ta ba ni labarin haihuwarki, wanda ke kanki ban sani ba ko an taɓa ba ki shi cikakke.

Ta ce tsakiyar damina ne, a shekarun da Turawan mulki ke shirin tafiya. Kakata Kande ta kwana biyu tana naƙuda. Kakana Nomau ya yi duk abin da mutanensa suka sani, an yi yanka, an sha jiƙe-jiƙe, abu ya ƙi. Ran na uku da safe ya taka da ƙafa zuwa asibitin mishan, wurin da bai taɓa yarda wani nasa ya je ba. A lokacin ita Rahila tana da aure da ɗa ɗaya, tana aiki tare da Baturiyar. Suka hau kekuna suka biyo shi. Da suka iso rafi ya cika ya batse. Nomau ya ce a jira ya janye. Baturiyar ta jingine keke, ta ɗora akwatin kayan aiki a ka kamar mai tallar nono, ta shiga. Ruwa ya kai mata ƙirji.

Ta ce a gicciye kika kwanta a ciki. Da hannu matar ta juya ki, tana yi wa Kande magana da Hausarta mai karyewa, tana cewa, "Kada ki tafi, saura kaɗan." Wajen la'asar kika fito, ba kuka, ba motsi. Tsofaffin da ke ɗakin har sun fara neman tsumman da za a naɗe ki. Ita kuwa ta kifa ki a cinyarta tana murza bayanki, ta sa baki a bakinki tana hurawa. Iya Rahila ta ce, "Ni kaina na ce a raina wahala take. Sai muka ji ɗan tari, sai kuka."

Ranar kasuwa Nomau ya ja akuya ya kai mata, ta ƙi karɓa. Ya koma da kaji, ta ce a yanka wa mai jego. Ya fito yana faɗa, ya ce, "Wannan mata ba ta karɓar komai. To akwai abin da ba ta isa ta hana ni ba, sunanta zan ɗauka." Da aka gaya mata an yi mata takwara, ta zauna a kan turmi ta rufe fuska da tafin hannu ta daɗe a haka.

Na ce, "Iya, ko kin san yadda ake rubuta sunan?"

Ta sa aka ɗauko mata wata tsohuwar jaka daga ƙarƙashin gado. A ciki akwai littafin koyon aikin ungozoma, bangon ya ɓare, gara ta ci gefe. Matar ce ta bar mata shi ranar da za ta koma gida. A shafin farko, da tawada da ta koɗe, ga haruffa biyar: Morag. Iya ta ce, "Mu muka ƙara mashi wutsiya. Bakinmu ba ya iya tsayawa inda nata ke tsayawa."

Ashe shi ya sa waya ta kasa ba ni komai a wancan lokacin. Na fita ƙofar gida inda akwai sabis, na rubuta haruffan nan biyar. Kafin in ɗaga kai amsa ta cika fuskar wayar. Na jingina da bango. Abin da kika tafi da shi kabari kina son sani, ko minti ɗaya bai ɗauke ni ba. Da na sauke girman kai na je wurin Kawu tun kina raye, da shi zai nuna mani wannan hanya, da na karanta maki kina ji.

To ga amsarki, Inna, ko da ta makara.

Matar 'yar Sikotilan ce, wata ƙasa a arewacin Ingila mai tsaunuka da tsibirai da sanyi. Mutanen tsaunukan suna da tsohon harshensu daban da Turanci, ana ce mashi Gelik, kuma daga cikinsa sunan ya fito. Tushensa Mor, wato babba, ko mai girma, wani lokaci doguwa. Ɗan guntun da ke ƙarshe kuma na ƙanƙantawa ne da nuna so, kamar yadda mu muke cewa 'yar wance in muna lallashi. In aka haɗa, sai ya zama kamar a ce 'yar babba, ko babba ƙarama. Sunan da uwa za ta dubi jaririya a hannunta ta kira ta da shi, tana yi mata fatan girma. Kin yi gaskiya, uwarta ba ta raɗa mata sunan banza ba.

Na koma ciki na karanta wa Iya Rahila. Ta yi dariya har da tari. Ta ce, "Babba ƙarama? Ai ita doguwa ce, sai ta sunkuya take shiga ɗaki. Uwarka ce sunan ya zauna wa." Na tuna tsayinki da bai wuce kafaɗata ba tun ina aji shida. Na tuna shekarar da Baba ya kwanta, ke kika riƙe gona da awaki da mu biyar, babu wanda ya ji bakinki.

Na karanta kuma cewa a da sunan ya yi yawa a can. A zamanin da aka haifi Baturiyar takwararki, kusan kowane gari na yankinsu akwai masu shi. Yanzu ya ja baya, ya zama sunan kakanni, da wuya iyaye su zaɓe shi. Wannan bai ba ni mamaki ba, don haka namu suke. A ajin da nake koyarwa babu Kande, babu Tabawa, babu Nomau ko Ranau. Daga Hanan sai Amira sai Sultan. Ban ce sababbin ba su da kyau. Ina dai tunanin cewa in mai tsohon suna ya rasu ba a maye gurbinsa ba, labarin dalilin sunan ma yakan bi shi, kamar yadda naki ya kusa yi.

Akwai abu ɗaya da na gani a wayar da ya ɗaure mani kai. An ce a can, in za a mayar da sunan Turanci, sau da yawa Sara ake rubutawa, wadda mu muke ce wa Saratu. Asalinsu ba ɗaya ba ne, al'ada ce kawai ta haɗa su. Na karanta wa Iya wannan ma, ina tsammanin za ta yi mamaki. Ta ce, "Wannan kam na sani. Ita da bakinta ta faɗa mani. Ta ce a makarantarsu ba a son yarensu, malamai Saratu suke rubuta mata, sai ta koma gida take jin sunanta na gaskiya. Da ta zo ƙasar nan ta ce na gida take so a kira ta da shi."

Sannan ta gaya mani abin da ya sa na kasa riƙe hawaye a gaban jikokinta. Ta ce ana gobe za ki karɓi Musulunci kika zo wurinta. Kika ce zuciyarki ta natsu da addinin, kuma kina son Baba, amma an ce za a sake maki suna, ke kuma kina jin kamar za ki ci amanar matar da ta hura maki numfashi. Ta ce, "Na ce mata, ɗiyata, in an tambaye ki, ki ce Saratu. Takwararki ma ta ɗauke shi, bai raba ta da nata ba. Sai ta share ido ta tashi."

Ni duk tsawon rayuwata na ɗauka an karɓe maki wancan an ba ki wannan, ke ma kin huta da shi. Ashe da hannunki kika zaɓa, kuma don ki riƙe na farko kika zaɓa.

Na tambayi ƙarshen matar. Iya ta ce ta koma gida jinyar mahaifiyarta kina koyon tafiya. Takarda biyu ta aiko, a kowace tana tambayar lafiyar takwararta, daga nan shiru. Ba su ji ta yi aure ba, ba su ji ta haihu ba. Wataƙila ta daɗe da rasuwa. Na kwana a Sabuwa, da safe na bi ayarin motoci na dawo, Allah Ya tsare.

Ban wuce gida ba sai da na biya wurin Kawu. Sun taso daga coci ke nan. Na durƙusa a gaban 'ya'yansa na ba shi haƙuri a kan abin da na yi mashi ranar aurena. Ya ce in tashi, ya ce ya fi shekara goma yana jiran in zo, har ya fara cire rai. Na karanta mashi ma'anar. Ya sa na maimaita sau uku.

Ranar Litinin na roƙi Baffa ya raka ni wurin Malam Liman. Na zayyana komai. Liman ya saurara har na gama, ya ce, "Abin da ake gudu a suna shi ne shirka, ko mummunar ma'ana. Ban ga ko ɗaya a nan ba. Kuma tuna alherin wanda ya yi maka alheri ba laifi ba ne." Baffa ya ce, "Na ji, Malam. Amma ni kunnena bai karɓa ba." Na ce mashi duka biyun za a sa, Saratu a gaba. Ya ce ɗiyata ce, in yi yadda na ga dama. Har muka rabu bai dube ni ba.

Da yamma na shiga ɗaki don in yi mata huɗuba da sunan. Na ɗauke ta, na kai bakina kunnenta. Na farkon ya fita lafiya. Da na zo kan na biyun, na tsaya. Sai a lokacin na lura cewa tun da aka haife ni ban taɓa furta shi ba. Da fari kunya ta hana, daga baya ƙyama. Na ja numfashi na faɗe shi a hankali. Bilki ta juya fuskarta bango, ta bar ni da abin da nake ciki.

Da safe aka raɗa suna. Liman ya faɗa, sanƙira ya ɗaga murya ya maimaita har maƙwabta suka ji: Saratu Muragi. Na ji 'yan ƙus-ƙus a bayana, wani yana tambayar wani ko ya ji daidai. Kawu yana ƙarshen tabarma, ya cire hula, da aka shafa fatiha shi ma ya sunkuyar da kai ya yi tasa addu'ar. Baffa ya tashi kafin a raba goro. Da rana dai matarsa ta zo da turmin atamfa da sabulu, ta ce shi ya aiko. Har yau bai dawo gidan ba. Ina zuwa gaishe shi duk Juma'a, yana amsawa, ba ya tambayar yarinyar. Ban matsa mashi ba. Ni da na yi shekara talatin kafin in karɓa, ba ni da bakin ganin laifinsa a wata ɗaya.

A gida Ummi muke ce mata, kamar yadda aka saba yi wa mai sunan uwa. Kawu ne kaɗai ya ƙi. Duk Lahadi yanzu yana zuwa, tun daga zaure yake kiran Muragi da ƙarfi, yayyenta suna dariya suna kwaikwayonsa. Ba na hana su.

Makon jiya na je yi mata takardar haihuwa. Ma'aikacin ya rubuta Saratu, ya tsaya, ya ce in faɗa mashi haruffan na biyun. Na ɗan yi tunani, ko in ba shi yadda yake a littafin Iya Rahila, ko yadda bakin Kande da Nomau ya gyara shi. Na ba shi namu, da wutsiyarsa. Ya gama rubutawa ya ɗago kai, ga mutane cike a layi, ya ce, "Malam, wannan kuma wane irin suna ne?"

Na ce, "Sunan mahaifiyata ne."

Ban samu zuwa kabarinki ba tun da aka tashi ƙauyen, Inna. An ce ciyawa ta rufe hanyar, kuma ba a shiga sai da rakiya. Ina yi maki addu'a daga nan bayan kowace salla. Ki yafe mani amsar da na ba ki a ƙofar ɗaki, ki yafe mani shirun da na sa ki yi.

Allah Ya gafarta maki, Ya haskaka makwancinki, Ya haɗa ki da Baba a gidan Aljanna. Baiwar Allahn da ta tsallako rafi saboda ke, Shi ne Masanin abin da ta aikata, kuma ba Ya tozarta alheri. Allah Ya ƙara wa Iya Rahila da Kawu lafiya, Ya sanyaya zuciyar Baffa, Ya dawo mana da zaman lafiya a ƙasarmu, mu koma gonakinmu. Takwararki kuma, wadda har yanzu hannuna ɗaya ke ɗauke ta, Allah Ya raya ta, Ya ba ta irin girmanki. Amin.

Ni ne ɗanki mai kewarki,
Auta, daga Kankara.